Sana'ar fitilun jan ƙarfe masu aiki da gas, zata karɓu a gida kuwa?

ƊanFagge_Louisiana:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo.

Ni ɗan Fagge ne amma shekara ta biyar kenan a jihar Louisiana ta Amurka, karatu ne ya kawo ni, da na gama sai Allah ya haɗa ni da wani ɗan ƙaramin shago da ake ƙera fitilun jan ƙarfe na ƙofar gida, mu bakwai ne gaba ɗaya har da mai shagon da matarsa wadda ita ke riƙe da lissafi da amsa waya. Fitilun nan ba na lantarki bane yawancinsu, gas suke sha, harshen wuta ne na gaske yake ci a cikin gilashi yana ɗan rawa dare da rana. Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar unguwar French Quarter a New Orleans ya gansu, kusan kowace ƙofa da baranda akwai, haka ma a Charleston da Savannah. Babban sunan da kowa ya sani a harkar shine Bevolo, tun 1945 suke yi, wanda ya kafa kamfanin Andrew Bevolo maƙerin ƙarfe ne da ya yi aiki a masana'antun jirage lokacin yaƙin duniya na biyu, shine ya kawo dabarar haɗa fitilar da hannu da ƙusar ribiti (wadda ake buge kanta ta manne ƙarfe biyu) maimakon liƙi da dalma, kuma shi da wani mai zanen gidaje A. Hays Town suka fitar da siffar nan mai kusurwa huɗu da yanzu kowa ke kwaikwayo. Mu dai ƙananan 'yan wasa ne a gefensu amma alhamdulillah oda bata yankewa.

Yadda muke aiki, ba wai mu ƙera mu jera a kanta ba. Kwastoma zai turo hoton gaban gidansa da tsayin ƙofar, mu gaya masa girman da ya dace, galibi kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na tsayin ƙofar, ya zaɓi irin kan da yake so da irin mariƙin, na bango ne ko na rataye ko na kan ginshiƙi, ya bada rabin kuɗi sannan mu yanka ƙarfe. Guda ɗaya daga ɗaruruwan daloli ne, manyan suna haura dubu. Yanzu wallahi ba yabon kai ba ina iya haɗa fitila tun daga falle har a kunna ta ba tare da kowa ya sa min hannu ba.

To abinda yake raina shine in dawo gida in buɗe irin wannan, ko a Kano ko Abuja, ni da ƙanena da yake walda a Ƙofar Ruwa. Na ɗan tara abinda zai sayi injin yanka da na lanƙwasa falle. Amma duk sanda na kawo maganar mahaifiyata sai ta ce wai mutanen da suka gudu daga fitilar ƙwai su zaka koma ka sayar wa fitila mai harshen wuta? Ita da wasa take faɗa amma maganar ta tsaya min a rai. Masu harkar gini da masu gas da duk wanda ya san kasuwa, me kuke gani? Kuma fallen jan ƙarfen ma ana samunsa a gida kuwa ko sai an shigo da shi?

Injiniya_Kawo:

Wa alaikumus salam Malam. Ni harkar gas nake, cika tukwane da haɗa wa gidajen abinci layi, bari in maka lissafi kawai kafin a zo maganar kyau.

Can inda kake gas ta bututu take shigowa gida kamar ruwan famfo, mutum ya kunna fitila ya manta da ita, ƙarshen wata ya ga ɗan ƙari a takardar biyan kuɗi. Mu nan babu wannan, bututun AKK na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 ma don tashoshin wuta da masana'antu ne, ba wai za a ja shi zuwa ƙofar gidan Alhaji a Nasarawa GRA ba. Kenan da tukunya zaka yi aiki. Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana da zafi wajen BTU (ma'aunin zafi) dubu 47, tukunyar kilo 12.5 kenan wajen dubu 590. A ce fitilarka tana cin dubu 3 a awa, kai zaka fi ni sanin naku, to tukunya ɗaya awa 200 ne ko ƙasa kaɗan. Yanzu sa fitila biyu a get, dama da hagu, daga magariba zuwa asuba awa 12, kwana takwas tukunyar ta ƙare. Kuma a 2024 kilo ya haura naira dubu, kai lissafa da kanka nawa ne a wata. Tukunyar da uwargida zata yi wata guda tana girki da ita kai ka ƙone ta a bakin get cikin sati, ai sai an yi shari'a a gidan.

Sai abu na biyu wanda ya fi kuɗin muhimmanci. Gas ɗin bututu ya fi iska rashin nauyi, in ya yi yoyo sama yake tashi ya watse. Namu na tukunya, propane da butane, ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru a lungu ko kwata ko ƙarƙashin mota yana jiran wanda zai ƙyasta ashana. Iska ta hure fitilar da tsakar dare gas na ta fita ba wanda ya sani, ka ga inda matsalar take. In zaka yi dole sai da na'urar da take rufe gas da kanta in wuta ta mutu, kuma ramin bakin murhun na gas ɗin bututu ya fi faɗi, in ka ɗauko shi haka ka jona da tukunya wutar zata yi tsalle ta yi ta hayaƙi gilashi ya yi baƙi ƙirin a dare ɗaya. Kuma don girman Allah kar ka yarda wani ya ce ka sa masa a falo ko ɗaki, iskar carbon monoxide bata da wari bata da launi, mun sha jin yadda hayaƙin janareta yake kwashe iyali guda suna barci, abu ɗaya ne.

Maman_Iman:

Injiniya ya gama magana ta ɓangaren gas, ni kuma ta ɓangaren masu saye zan zo, aikina ƙawata gidaje ne a Abuja kuma ƙanena ina gaya maka kar ka bari lissafin nan ya kashe maka gwiwa, don abinda kake da shi a hannu ba gas bane, jan ƙarfen ne da iya ƙera shi.

Kullum matsalata fitilun waje. Abinda ke kasuwa a Dei-Dei da sauran wurare yawanci fenti ne akan siririn ƙarfe ko roba, ranar da aka kafa kamar ka lashe, damina ɗaya fentin ya ɓare, ta biyu tsatsa ta zubo akan bango, mai gida ya kira ni yana faɗa kamar ni na ƙera. Jan ƙarfe baya tsatsa, in da zan samu wanda zai min na gaske daidai girman ƙofar da na auna, ya sa min ƙwan LED mai launin ruwan ɗorawa a ciki wanda za a jona da sola, wallahi ina da gidajen da zan kai shi gobe. Masu otal da wuraren cin abinci na waje da wuraren biki su ma suna nema, har daga Maroko da Masar ake ɗauko musu fitilun tagulla masu huda-huda, wanda ya je Fes ya ga dandalin Seffarine inda maƙera ke ta bugu tun safe ya san abinda nake nufi.

Amma ga inda zaka sha wahala da mutanenmu. Su can suna son fitilar ta tsufa, ta tashi daga ja mai ƙyalli ta koma ruwan ƙasa ta koma kore, shine adon a wajensu. Hajiyata ta Maitama kuwa in ta ga abinda ta biya kuɗi mai yawa ya dushe bayan wata uku cewa zata yi an cuce ta an bata jabu. Mu ƙyalli muke so. Sai dai ka riƙa nuna musu tun farko, ka ajiye guda uku a shago, sabuwa da ta shekara ɗaya da tsohuwa, mutum ya gani da idonsa ya zaɓa, wanda yake son ƙyalli ka fesa masa banish ka gaya masa zai buƙaci sabuntawa.

Kuma siffar New Orleans ɗin nan kar ka kwafo ta kai tsaye, kowa zai iya odar wannan daga Chana. Sa mana dagin arewa a jiki, sa zanen zanko irin na saman soro, yi mai kan ƙubba don masallatai. Wannan ne babu mai kawo shi a kwantena.

Ɗan_Maƙera:

Salam. Ni gidanmu maƙeran fari ne, wato masu aikin azurfa da gaci, ba maƙeran baƙi masu garma da lauje ba, don haka bari in sa baki akan tambayarka ta ƙarshe da ba wanda ya taɓa.

Da farko mutane komai tagulla suke ce masa, amma jan gaci daban farin gaci daban, jan shine zallar jan ƙarfe, farin kuma an gauraya shi da tutiya shi yasa yake ɗorawa-ɗorawa kuma ya fi tauri. In ka aiko ƙaninka kasuwa ka ce tagulla kawai to ba mamaki farin ya kawo maka.

Maganar falle kuwa gaskiya nan ne gizo ke saƙar. Abinda muke samu cikin sauƙi tsohuwar waya ce da bututun AC da na firij da tarkacen da 'yan jari bola ke kawowa, wannan na narkarwa ne a zuba mundaye ko a buga ƙananan kaya. Falle shimfiɗaɗɗe mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe irin wanda injin lanƙwasa ke so, wannan sai dai Legas ko ka yi oda daga waje, kuma da dala ake masa kuɗi don farashin duniya yake bi, a 2024 tan ɗaya ya wuce dala dubu 10 a kasuwar Landan. Abin haushi ga shi a Zambiya da Kongo ake haƙo shi amma mu sai ya zaga duniya ya dawo mana. Kar wani ya ruɗe ka da cewa zai narka maka waya ya buga ta zama falle, jan ƙarfe sai zafi ya kai digiri 1085 yake narkewa, zuga-zugi zai iya amma abinda zai fito wani wajen kauri wani wajen siriri, in ka zo lanƙwasa kusurwa sai ya tsage.

Ribiti da ka ambata kuwa Baturen nan Bevolo yayi tunani, dalma tun kafin digiri 200 take sakin jiki, kan fitila mai harshen wuta kuma zafi yake tarawa, yau da gobe liƙin zai buɗe. Mu ma tsofaffinmu abin da zai sha wuta basa yarda da dalma. Sai dai ka ja wa ƙaninka kunne, hannun mai walda daban, ya saba da baƙin ƙarfe da ake wa ƙarfi, jan ƙarfe kuwa lallaɓa shi ake, in ka cika bugunsa sai yayi tauri ya fara tsagewa, sai ka mayar wuta yayi ja-ja ka bari ya huce ko ka tsoma a ruwa ya dawo da laushinsa. Kuma kar a kafa shi da ƙusar baƙin ƙarfe ko alminiyam, in ruwa ya shiga tsakani jan ƙarfen cinye su yake, farin gaci zaka sa.

In ka dawo ka daure ka je Bida, unguwar Tswata Mukun, ka ga yadda Nufawa ke bugun zane a jikin tire da buta, tun kaka da kakanni suke yi, a 2021 ma UNESCO ta sa garin cikin biranen sana'ar hannu. Zanen da Hajiya Maman Iman ke magana akai su zasu buga maka shi ido rufe. Kai ka yanka ka haɗa, su su yi ado.

Hajiya batun dushewa kuma ai maganinsa na kicin ɗinki, jiƙaƙƙiyar tsamiya da ɗan toka, ko lemun tsami da gishiri, a goge a wanke a shanya ya dawo kamar ranar da aka saya. Kuma a busasshiyar iskar Kano ba lallai ya yi koren nan da wuri ba, ruwan ƙasa zai yi ya daɗe a haka, kore sai inda akwai laima da iskar teku kamar Legas ko can inda yake.

Baba_Na_Tudu:

Yaro mahaifiyarka ta faɗi gaskiya amma ba duka ba. Mu da muka yi karatu da acibalbal da fitilar ƙwai, ranar da aka kawo fitila mai famfo gidanmu, wadda ake ce wa fitilar gas duk da kananzir take sha, unguwa ce ta taru kallo. Ita ba harshen wutar ke haske ba, wata 'yar farar riga ce kamar raga ake ɗaura mata, in ta ƙone ta zama toka-toka sai ta riƙa bada farin haske kamar rana, amma ko yatsa ka sa mata ta ruguje, mun sha duka akan wannan rigar. Wani Ba'ostiriye ne Carl Auer von Welsbach ya ƙirƙiro ta a 1885. Mai shayi da mai tsire da mai balangu duk ita suke rataya wa kafin janareta ƙarami ya shigo sannan fitilun caji suka kashe kasuwar gaba ɗaya.

Abinda nake so in tambaye ka, taku mai rigar ce ko tsirara harshen? Don in tsirara ne to ba haske kake sayarwa ba, kwalliya ce, ko allo ba za a karanta da ita ba. Su da wutarsu bata ɗaukewa harshen wuta abin marmari ne. Mu kuwa mutum in ya biya kuɗin fitilar ƙofa so yake ya ga fuskar mai buga masa get da ƙarfe biyun dare.

Sannan ba wanda ya yi maganar ɓarayi. Mutanen da suke hawa falwaya su yanke wayar wuta su farfasa taransifoma saboda jan ƙarfen ciki, su zaka rataya wa kilo uku na zallarsa a waje bakin titi? Ka yi musu sadaka kenan.

ƊanFagge_Louisiana:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu amsa haka ba.

Baba tsirara ne yawancin namu, kuma gaskiyarka haskensa kaɗan ne, akwai masu rigar amma ba su ake yayi ba don mutane rawar harshen suke so. Maganar ɓarayi kuwa na yi dariya ni kaɗai a ɗaki amma wallahi ban taɓa kawo ta a raina ba, kaga illar daɗewa a waje kenan. Sai dai a riƙa kafawa daga cikin katanga, jikin ƙofar shiga falo ta waje da baranda, ko a ɗaure da ƙusar da sai an shiga ta ciki ake kwancewa.

Injiniya lissafinka ya yi daidai da abinda na sani, akwai bakin murhu masu tsimi da basu kai haka ci ba amma ko rabi ka ɗauka har yanzu tukunya ce duk sati biyu. Abu ɗaya da zan ɗan kare gas da shi, lokacin guguwar Ida a 2021 New Orleans gaba ɗaya ta yi duhu kwana da kwanaki, masu fitilar gas su ne ƙofarsu ke da ɗan haske, ni kuma sai nake tunanin ai mu kullum cikin Ida muke da NEPA. Amma na gane sola ta riga ta cike wannan gurbin da araha, ƙwan LED mai wat 5 ko ƙaramin batir zai kwana da shi. Kuma yanzu da ka faɗa na tuna hunturu, ƙurar da zata riƙa toshe ramin iska da bakin murhu ga iskar da ke kaɗawa da asuba, nan ma wani aikin ne.

Yaya Maman Iman a shagonmu ma muna yin na lantarki, jikin ɗaya ne, cikin kawai ake canzawa, har akwai ƙwan da yake kwaikwayon rawar harshen wuta duk da ni dai a idona bai kai na gasken ba. Ina ga abinda zan yi kenan, in fara da na sola, gas ɗin sai wanda ya nema da bakinsa kuma a fili, irin lambun otal, kuma sai mai lasisin gas ya ja layin ba ni ba. Dagin arewan nan ya shiga raina, daren nan zan zana in gani ko zai zauna a gefen fitila mai kusurwa huɗu ba tare da ya tare hasken ba.

Malam Ɗan Maƙera mu nan falle da nauyi ake kiransa, mai oza 16 da mai oza 20 a kowace ƙafa murabba'i, na farkon ya ɗan haura rabin milimita na biyun kusan 0.7, in da hali ka tambayar min a wajen masu kawowa daga Legas wane kauri suke da shi kuma nawa falle ɗaya, don in san ko zan saye a nan in haɗa da injinan a kwantena ɗaya.

Injiniya_Kawo:

In otal ne da babbar tukunya mai kilo 50 a keji a waje da bututun ƙarfe ba tiyon roba ba, wannan ba ni da ja, zan ma ja maka layin. Gilashin dai ka tabbatar mai jure zafi ne, na taga in ruwan sama ya sauka akansa yana da zafi tsagewa yake.

Ɗan_Maƙera:

Zan tambaya ranar Asabar in sha Allah. Amma ko nawa suka ce ka sako ko falle goma ne a kwantenar, da ƙusoshin ribitin na jan ƙarfe kwali biyu, su ne na tabbata zaka sha yawo kafin ka samu a nan, na alminiyam ne suka cika kasuwa.